Gwiwar Hannun Ni'imat

Likitar ta zare ɗan katin daga gefen injin taimakon numfashin ta soka shi a kwamfuta, sai ga barcin Usta Shauƙi na wata guda ya bazu a kan allo, layi-layi, kore da ja. Matarsa Ni'imat ta gyara zama. Shekara talatin da ɗoriya tana kwana kusa da barcin nan, ba ta taɓa zaton za ta gan shi da launi ba.

"Ka ga, Hajji," in ji Dakta Ragda, tana nuni da biro, "ranar da muka gwada ka, numfashinka yana ɗaukewa fiye da sau arba'in a awa guda. Yanzu bai kai biyar ba. Ta nan ɓangaren, injin yana aikinsa."

Shauƙi ya washe baki ya shafa tumbi, sai ka ce shi ya ƙera injin a shagonsa na kafinta a garin Dumyat, inda ake ce masa Usta, wato ogan sana'a.

"Amma ga inda bai yi mini ba." Biron ya sauka kan wasu jajayen tsinaye. "A nan takunkumin injin yana gocewa daga fuskarka, iska tana zurarewa, kai kuma kana farkawa. Kullum haka, ba fashi. Yawan juyi gare ka, ko akwai abin da ke tashin ka?"

Bai ko waiwaya ba, da haɓa ya nuna matarsa.

"Ga abin nan zaune, Dakta. Gwiwar hannu gare ta kamar bakin kurfi. Ki duba haƙarƙarina ki gani, tun muna ango da amarya ake sassaƙata."

Likitar ta yi dariya. Ni'imat ba ta yi ba.

Duk layinsu an san minsharin Usta Shauƙi. Da zafi, in an buɗe tagogi, har mai gasa burodi na ƙasan bene yakan ce ya ji Usta yana yanka katako cikin barci. Abin da maƙwabta ba su sani ba shi ne shirun. Minsharin zai hau, ya hau, sai ɗif. Ƙirjin ya tsaya, leɓen ya yi duhu. Tun tana amarya ta gano cewa zunguri ɗaya a haƙarƙari yakan dawo da shi, ya shaƙo iska kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya zage ta, ya koma barci. Ta haifi 'ya'ya uku ta yaye su, amma wannan renon bai ƙare ba. Da ta gaya masa, ya ce mafarki take yi. Da ta gaya wa uwarsa, tsohuwar ta ce ashe an kawo musu mai ƙirga numfashin miji, gado ake jira ke nan. Sai da gyangyaɗi ya kwashe shi a gaban injin zarto, ya sha da ƙyar da yatsunsa, sannan ɗansu Hazim ya tasa shi gaba zuwa Mansura wajen likita.

"Shiru yake yi, 'yata," in ji Ni'imat a hankali. "Tunda injin nan ya zo, shiru yake yi har safe. Hannuna ne bai saba ba."

"Ai shirun nan shi ne lafiyar, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki ki yi barcinki."

Ni'imat ta dubi injin a kan tebur, ɗan abu kamar rediyo, da tiyonsa a naɗe.

"To ki gaya mini, in numfashinsa ya tsaya, me abin nan yake yi?"

"Yana ji. Sai ya ƙara turo iska har maƙogwaron ya buɗe."

"Wato ya zungure shi ke nan."

"Kusan haka ne, Hajiya," in ji likitar, tana murmushi. "Ai mai yiwuwa ma da ba don ke ba..."

"Dakta, ruwan da ake zuba masa fa," Shauƙi ya katse ta, "na famfo ya yi, ko sai na kantin magani?"

Ni'imat ta zuba wa mijinta ido, tana jiran ya juyo ko sau ɗaya. Kalma guda take so, ko da wasa ce. Shi kuwa ya sunkuya yana goge takunkumin da gefen rigarsa, a tsanake, yadda bai taɓa goge wa ɗa majina ba.

Da suka koma gida bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ta san abin da za ta ce.

"Ummu Hazim, kin dai ji da kunnenki. Ɗakin Basma babu kowa tunda aka kai ta gidan miji. Ki ɗan koma can, kema ki huta."

"Korata kake yi, Abu Hazim?"

"Haba, wace irin kora? Magani ne. Likita ce ta ce."

"Likita ba ta ce ba."

"To, kati ya ce."

Gadon nan shi ya ƙera shi da hannunsa kafin aurensu, da furanni a allon kai. Ta ɗauki matashinta ta bar masa. Kafin mako ya zagayo ya hau bene da wani ɗan tebur sabo fil, an sassaƙa masa ƙafafu, an shafe shi da mai har yana ɗaukar ido. Ƙofar kabad ɗin kicin ɗinta kuwa tun bikin Basma take rataye da ƙusa ɗaya. Ya ajiye teburin a gefen da take kwana, wai a nan soket yake, ya ɗora injin a kai, har da ɗan ƙyalle na kare ƙura. A shago ya raɗa wa injin suna Amarya, leburorinsa suna ta shewa.

Ita kuwa ba ta huta ba. Bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma ta bayan bango shirun lafiya da shirun mutuwa duk ɗaya suke. Idanunta suka faɗa, shinkafa ta riƙa kamawa a tukunya. Shi ya yi fes, ya daina gyangyaɗi a masallaci, har ya fara rina gashin baki.

Da suka koma Mansura, allon ya fito kore shar, ba ja ko ɗis.

"Masha Allah, Hajji! Duk abin da kuka canza, kada ku kuskura ku koma," in ji likitar.

"Kin ji ko?" ya ce da matarsa. Sai yanzu ya ga damar juyowa.

Don murna ya kai ta gidan cin kifi, ya ci soyayye da shinkafa har ya sassauta bel. Da la'asar suka shiga ƙaramar bas ta komawa Dumyat, suka matsu a kujerar baya, jakar injin a kan cinyarsa. Ga zafi, ga ƙoshi. Ba su yi nisa ba kansa ya langaɓe a kafaɗarta, minsharin ya taso, tsohon nan da ta sani. Wata mata a gaba ta toshe baki tana dariya.

Ya hau, ya hau, sai ɗif.

Ni'imat ta harɗe hannuwanta a ƙirji, ta danne na dama da na hagu. A ranta ta ce, to, ga Amaryarka nan a cinya, ta tashe ka. Ta mai da ido kan gonakin da ke wucewa. Direba yana musu da wani fasinja a kan inda zai sauka. Nauyin kan mijinta ya ƙaru a kafaɗarta. Ba ta duba leɓensa ba, ta san launin da ya koma.

Ba ta san sa'ad da hannun ya kuɓuce mata ba, sai jin gwiwar ta yi a haƙarƙarinsa.

Ya zabura yana shaƙar iska, ya rarumo jakar da ta kusa zamewa.

"Kin ga halin naki ko? Ko a mota ba za a bar bawan Allah ya runtsa ba?"

"Ba ni ba ce," in ji ta. "Rami muka faɗa."

Ya yi tsaki, ya ce wa direban ya riƙa duba hanya, akwai inji mai tsada a motar. Sannan ya rungume jakar a ƙirjinsa, ya mai da kansa kan kafaɗarta ya lumshe ido.