Man Sandal da Ƙafar Gwaggo

Ka gan ta, kada ka ce ba ka gan ta ba. Matar nan mai wanki da ke ɗingishi a bayan layinku gwaggona ce. Ka karɓi rigarka a goge, ka kawar da kai daga ƙafarta.

Cin ruwa ke damunta tun tana budurwa. Tsakanin yatsunta ya yi fari, ya tsage, ga ƙaiƙayi. A da bai taɓa kwantar da ita ba, saboda mahaifinta, Kakanmu, yana raye. Mai turare ne. Shagonsa ɗan ƙarami, kwalabe jere har rufi, da benci guda da ya sha zama har ya yi santsi. A ƙarƙashin kantar shagon yake ajiye man sandal na ainihi, mai kauri, mai ƙamshin itace.

Da yamma Gwaggo takan zo ta miƙe ƙafafu a bencin. Sai ya bari su sha iska tukuna, ya goge tsakanin yatsun da tsumma mai tsabta, ya ɗiga man kaɗan a cikin man kwakwa, ya shafa da auduga. Yana yi yana tsokanarta, wai ƙafar agwagwa ta fi tata kyau. Ita kuwa, ido a lumshe, takan ce ai gado ta yi.

Kaka ya rasu, shago ya koma hannun wani. Bana da ciwon ya tashi, Gwaggo ta je ta zauna a bencin nan kamar da, ta ce a ba ta sandal. Sabon mai shagon ya miƙo mata kwalbar fesawa, turaren riga mai sinadari mai zafi. Ita ba ta taɓa kallon haɗin Kaka ba, ƙamshin kawai ta sani. Ta koma gida ta fesa a kan tsagar.

Washegari na same ta zaune gefen baho, ƙafa ta kumbura, kayan mutane jiƙe. Na ce mu tafi asibiti, ta ƙi.

"Ɗan nan, ƙamshin Baba ne fa," ta ce. "Baba bai taɓa cutar da ni ba."

"Gwaggo, ƙamshin ne nasa. Hannun ba nasa ba ne."

Ta daɗe tana shinshinar murfin kwalbar, sannan ta ce in ɗauko mata mayafi.

Ma'aikaciyar jinya ta wanke ciwon, ta ba ta magani, ta ce ƙafar ba za ta warke ba sai ta daina tsayuwa cikin ruwa. Yau ga ta can a gindin famfo, ta ɗaure ƙafar da leda, saboda ka aiko cewa kana son kayanka gobe.

Tashi ka je. Ka kai mata takalmin roba mai tsawo, ka ce mata da bakinka wankin zai jira.