Haƙorin Akawal

Tun da Gombosuren ya fara kiwon dawaki, shekara hamsin ke nan, ba a taɓa ci masa mutunci irin na bana ba. Wai dokinsa Bidi, da ya zo na ɗaya a tseren gundumarsu, ruwa biyu ne! Wai tsayinsa ya yi yawa, dole akwai jinin dawakan Turawa a jikinsa. Masu shirya tseren suka ce in ba a yi masa rajistar tsantsar dokin Mongoliya ba, to ya yi sallama da filin tsere.

Shi ya sa likitar dabbobi Tsermaa ta iso tantinsa da 'yan ambulan ɗinta na zuba gashin gwaji. Ta sha shayin madara mai gishiri, ta fita ta naɗe gashin gezar Bidi a yatsa, ta fizge wajen sili arba'in. Tsohon ya ji kamar daga kansa aka cire.

"Saura uwar da uban, Baba," in ji ta. "Sai an gwada ƙwayar halittarsu, a ga ta dace da tasa."

Goɗiyar tana nan, aka fizgi nata. Uban kuwa, ingarmansa Akawal, sanyin bara ya kashe shi. Amma Gombosuren bai damu ba. Ya buɗe akwati, ya fito da tufkar gashin wutsiyar da ya yanke ranar da Akawal ya mutu, a naɗe cikin shuɗin ƙyalle. Ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta ɗaga ta duba a haske, ta girgiza kai. "Da wuƙa ka yanke? Ai ba shi da saiwa. A saiwar abin da muke gwadawa yake."

"To da fizga zan yi? A jikin gawa? Ke 'yata, wa ya rene ki?"

"Yi haƙuri, Baba. Akwai wata hanya. Ba ka kai kansa bisa dutse ba?"

Ya kai mana. Wane mutumin kirki ne zai bar kan ingarmansa a ƙasa karnuka su ja? Shi da kansa ya hau da shi, ya ajiye a kan tulin duwatsun can ƙololuwa, ya juya fuskar gabas, ya yayyafa madara.

"Haƙori ɗaya ya isa," in ji ta. "Ina da filaya a mota."

Kai! Ransa ya ɓaci. Dokin da ya fito da shi daga guguwar ƙanƙara, shi za a je a ɓaɓɓake wa baki don wani mai kujera a birni ya yarda?

"Ni na kama Bidi da hannuna ranar da aka haife shi. Ni na san wanda ya hau uwarsa. Kowa a kwarin nan ya sani."

"Na yarda da kai, wallahi. Takardar ce ba ta yarda."

Ya dubi dutsen, ya dubi Bidi da ke cizon linzami yana neman gudu.

"Ba mai taɓa kan Akawal," ya ce. "Rubuta abin da za ki rubuta."

Tsermaa ta ɗora takardar a gwiwa. Yana tsaye a kanta yana kallo ta cike gurbin uwa, sannan ta zo gurbin uba ta rubuta: ba a san shi ba.