Wa Ya Ga Mutala Da Ashana?

Isiyaku mutumin Gumel ne, mai gadi a wani kamfanin tsaro a Doha. Ya daɗe a ƙasar, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba, ko a ɗakin da suke kwana su shida a unguwar Bin Omran, inda rigima kan wanda ya bar tukunya ba wanki ba ta ƙarewa. Abokan ɗakin har tsokanarsa suke yi, wai ko taka masa ƙafa aka yi shi zai fara ba da haƙuri.

Ƙanensa Mutala ba haka yake ba. Tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya bi ta Agadas, ya ratsa Libiya, ya tsallaka ruwa, ya ƙare a wata ƙasar Turai da ke bakin teku, yana aiki a gonar zaitun a wani ƙauye kan tudu. Ba shi da takardun zama, kuma kowa ya sani, har mai gonar, wanda hakan bai taɓa damunsa ba in lokacin girbi ya yi. Duk Juma'a Mutala kan kira yayansa, ya juya masa waya ya nuna masa bishiyoyi da tumaki, yana dariya yana cewa, "Yaya, na gudo daga noma, ga shi noma ya riga ni zuwa."

Da zafin bana ya kai maƙura, sai wuta ta tashi a dajin yankin. Isiyaku ya fara ganinta a talabijin ɗin wani shagon shayi da ke ƙasan gidansu: tsaunuka sun yi ja, jirage suna zubo ruwa kamar ba su zuba komai ba. Da la'asar saƙon murya ya shigo daga Mutala, yana tari yana haki.

"Yaya, wutar ta zo bayan gonarmu. Mun kwashe tumakin mai gida, yanzu muna sare ciyawa, muna jan ruwa. Ka ce wa Inna lafiyata ƙalau, kada ta ga hotuna hankalinta ya tashi."

Washegari wani ɗan majalisar ƙasar, shugaban wata jam'iyya mai neman ƙuri'a a zaɓen da ke tafe, ya tsaya gaban wani gida da ya ƙone, 'yan jarida kewaye da shi. Ya ce shi ba ya ko shakka, baƙin haure ne suka cinna wutar. Bai ambaci sunan kowa ba, bai nuna hoto ba, bai ce ga wanda ya gani ba. Kafin rana ta faɗi matasan yankin sun bi gona gona da motoci, duk baƙin da suka samu suka tattara suka miƙa wa 'yan sanda. Wayar Mutala ta mutu. Sai daga baya wani ɗan Mali da suke aiki tare, wanda ya tsira saboda ya ɓuya a rumbun ciyawa, ya aiko wa Isiyaku cewa an tafi da Mutala, da bokiti a hannunsa.

Isiyaku ya kasa cin abinci. Yana zaune bakin gado da waya a hannu, Ɗalhatu, wani direba da ke kwana a gadon sama, ya leƙo ya ce, "Ni fa ban ce Mutala ba ne. Amma babban mutum irin wannan ba zai fito talabijin ya faɗi abin da bai sani ba. Cikinsu dai akwai wanda ya yi."

"Cikin su wa?"

"Su marasa takardun mana."

"Ka gani?"

"Ni ina nan, ina zan gani? To kai ka ga ba su ba ne?"

Isiyaku ya miƙe tsaye, har kansa ya bugi ƙarfen gadon. "Ɗalhatu, in na fita yanzu na ce kai ka saci takalman masallaci, kai za ka bi gida gida kana nuna ba ka sata ba? Ko ni za a riƙe a ce in kawo wanda ya gan ka?" Muryarsa ta cika ɗakin, har na ɗakin kusa suka leƙo. Ɗalhatu ya ja bargo ya juya wa ɗakin baya, yana gunaguni wai an huce a kansa.

Aka shiga sati na uku ba labari. Inna takan kira daga Gumel, shi kuma ya ce mata matsalar waya ce a can saboda gobarar. Rannan sai ga kiran Haulatu, 'yar maƙwabtansu a gida, wadda ke karatun digiri na biyu a fannin shari'a, tana zaune da wasu ɗalibai a unguwar Madinat Khalifa a nan Doha. Ita ce ta riƙa taya shi rubuta wa ƙungiyoyin lauyoyi na ƙasar da aka kama Mutala, ba wanda ya ba da amsa mai ma'ana.

"Yaya Isiyaku, mutumin nan zai zo Doha," in ji ta. "An gayyace shi taro kan sauyin yanayi. Na ga sunansa cikin masu jawabi, kuma an ba ɗalibai kujeru. A otal ɗin da kamfaninku ke gadi ne."

"Sauyin yanayi?" Isiyaku ya yi wata dariya marar daɗi. "Shi?"

"Shi. Kuma akwai lokacin tambayoyi. Zan ɗaga hannu."

"Haulatu, karatunki fa? Gwamnati ce ta ɗauki nauyinki, ba ni ba."

"Tambaya zan yi, Yaya, ba jifa ba."

Isiyaku ya roƙi ogansa a sa shi cikin zauren ranar, ya ce yana so ya huta da zafin rana. Ogan bai kawo komai a ransa ba, ya amince.

Zauren sanyi ƙalau, fitilu ko'ina, ga furanni jere a gaban dandamali. Isiyaku ya tsaya a ƙofar gefe cikin baƙar kwat, da 'yar wayar aiki maƙale a kunne. Da ɗan majalisar ya hau, sai ya ga ashe gajere ne, mai fara'a, irin mutumin da in ka gamu da shi a lif zai riga ka gaisuwa. Wannan ya fi komai ƙona wa Isiyaku rai. Mutumin ya yi magana kan fari da zafi da tsofaffin da suka rasa gidajensu, har muryarsa tana rawa. Daga nan ya ce, ban da yanayi akwai hannun mutane, mutanen da suka shigo ƙasarsa ta bayan fage ba su san darajarta ba. Aka tafa.

Haulatu ta ɗaga hannu tun kafin tafin ya lafa. Aka ba wasu biyu kafin ita, sannan makirufo ya iso hannunta. Da Turanci ta yi magana, a hankali, yadda ko Isiyaku da Turancinsa na bakin aiki bai rasa kalma ba.

"Ranka ya daɗe, ka ce baƙin haure ne suka cinna wutar. Ina so in san wa ya gan su. An kama wani da fetur? Masu binciken gobara sun ba ka rahoto? In akwai, muna so mu ji."

Ɗan majalisar ya yi murmushi, ya gyara zama. "Tambaya mai kyau. Bari ni ma in tambaye ki. Ke kina da hujjar cewa ba su ba ne?"

Wasu suka yi dariya. Isiyaku ya gane maganar nan take. Maganar Ɗalhatu ce sak, sai dai wannan tana sanye da kwat.

"Ni ban zargi kowa ba," in ji Haulatu. "Kai ka yi zargi, kai za ka kawo shaida. Ko alƙalin ƙauyenmu ba ya ɗaure mutum sannan ya ce masa ya nemo dalilin da za a sake shi. Saboda maganarka an tsare mutane. Akwai wani saurayi a cikinsu, Mutala, an kama shi yana ɗebo ruwan kashe wutar. Wa ya ga Mutala da ashana?"

Mai gabatarwa ta ce lokaci ya ƙure, a miƙa makirufo gaba. Haulatu ta ce ba a ba ta amsa ba tukuna, ta riƙe abinta. Sai muryar oga ta faɗo kunnen Isiyaku: "Isiyaku, kai ne kusa. Yalla, maza karɓe makirufon, fitar da ita."

Isiyaku ya fara tafiya tsakanin kujeru. Mutane suka riƙa janye gwiwoyi suna ba shi hanya. Da ya iso, Haulatu ta dube shi, shi ma ya dube ta. Bai miƙa hannu ba. Ya juya ya tsaya a gefenta, ya fuskanci dandamali, ya ce mata da Hausa, "Ƙarasa maganarki."

Ta buɗe baki, amma an riga an kashe makirufon daga baya. Oga yana ta ihu a kunnensa. Isiyaku ya cire wayar ya bar ta tana lilo a kafaɗarsa, ya ɗaga murya da ɗan Turancin da yake da shi.

"Ƙanena ne! Mutala ƙanena ne! Ka gan shi? Kai da idonka, ka gan shi?"

Ɗan majalisar ya dafa ƙirji, ya ce yana tausaya wa kowane iyali, kuma ya yi imani hukumomin ƙasarsa za su yi adalci. Ya juya ga mai gabatarwa, ita kuma ta kira mai tambaya na gaba. Wasu masu gadi biyu, abokan aikin Isiyaku, suka zo suka raka su waje ba tare da sun iya haɗa ido da shi ba.

Ogan ya same shi a bayan kicin ɗin otal. Ya ce khalas, wato shi ke nan, ba shi ba zauren taro har abada, kuma ya gode wa Allah da ba a kai maganar gaban kafil, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, an soke masa zama ba. Aka mai da shi gadin wani filin ajiye kaya can bayan unguwar Mu'aither, inda ɗakin gadin kwano ne, fankar kuma iskar zafi kawai take juyawa. Ita ma Haulatu an kira ta ofis a makarantarsu, aka yi mata magana mai laushi a kan ɗabi'ar baƙo da kuma yadda ake sabunta tallafin karatu duk shekara. Wani ya ɗauki abin da ya faru a waya, ya zaga tsakanin Hausawan Doha na ɗan lokaci, wasu na cewa sun burge, wasu na cewa sun jawo wa jama'a ido.

Sai da sanyi ya shigo masu binciken gobarar suka fitar da sakamako. Haulatu ce ta tura masa, ɗan guntun labari ne a can ƙasan shafi. Wutar ta tashi ne a wurare uku. Ɗaya tsohuwar wayar lantarki ce ta tsinke, sauran biyun ba a gano musabbabinsu ba. Ba a tuhumi baƙo ko ɗaya da cinna wuta ba. A lokacin an riga an yi zaɓe, jam'iyyar ɗan majalisar ta ƙara kujeru, kuma ba ɗan jaridar da ya koma ya tambaye shi komai.

Isiyaku ya karanta wa 'yan ɗakinsu labarin da ƙarfi. Ɗalhatu yana ɗaura agogo zai fita aiki, ya ce, "To, alhamdu lillahi. Amma wurare biyun nan da ba a gano ba fa?" Isiyaku ya mai da wayarsa aljihu. Tun daga ranar gaisuwa ce kaɗai ke haɗa su.

An saki Mutala ba tare da an taɓa kai shi gaban alƙali kan wuta ba. Laifin rashin takardu aka rubuta masa, aka sa shi a jirgi zuwa gida. Ya kira Isiyaku ta bidiyo daga Gumel wata rana da hantsi, lokacin yana bakin aiki. Ya rame, kuma bayan hannunsa na dama duk tabon ƙuna ne.

"Ya Inna?"

"Tana nan, sai ɗura mini abinci take yi." Sannan Mutala ya ce, "Yaya, har nan maganar ta iso. Jiya a majalisar bakin tasha wani ya ce wai in ba mu muka sa wutar ba, me ya ƙona mini hannu. Ya ce Turawa ba sa kama mutum haka kawai. Ya ce in rantse."

"Ka rantse?"

"Na rantse. Har alwala na yi."

"Don me, Mutala? Shi me ya kawo? Da kunnensa kawai ya zo, kai kuma ka ɗauki rantsuwa ka ba shi?"

"To ya zan yi, Yaya? Kowa ya zuba mini ido."

Isiyaku ya fito daga ɗakin kwanon ya tsaya cikin rana. "Wane ne?"

"Yusif mai faci."

"Yusif na gidan Alhaji Bello? Wanda ko Kano bai cika zuwa ba? Turo mini lambarsa."

"Yaya, ka bar shi kawai."

"Turo mini, na ce."

Lambar ta shigo. A daidai lokacin wata babbar mota ta tsaya a bakin ƙofar filin, direban ya danna hon yana nuna a buɗe masa. Isiyaku ya ɗaga masa hannu alamar ya jira, ya kara wayar a kunne, yana sauraron ta tana ringi a Gumel.