Taguwar Garbai a Takardar Roba

Taguwar Garbai, wato raƙumarsa, ta ɓace ran wata Laraba a dajin Alakos. Ita kaɗai ta rage masa, nononta iyalinsa ke sha. Ya yi kwana shida yana bin sawu, sannan ya shigo Gure cigiya. Masu babbar salula hoton dabba suke nunawa, shi kuwa tasa ta kira ce kawai. Sai aka tura shi wurin Fadilu, mai zana allunan butik, wato shaguna, a bakin tasha.

Fadilu ya jawo wata farar takarda mai santsi da ya sayo a Damagaram.

"Baba, wannan takardar roba ce. Ba ta yagewa, ruwa ba ya cin ta. Ka cusa a jaka ka zaga kasuwa goma."

Garbai ya sa haƙori ya ja gefenta. Ko gezau. Ya ce a zana.

To, ita wannan takarda ba ta shan launi. A samanta yake zama, in aka sa jiƙaƙƙen tsumma sai ya fita tas, ta koma fara fat. Da Fadilu ya san da wa yake zaune, da bai nuna masa haka ba.

Garbai ya faɗi kamanni, Fadilu ya zana. Tsohuwar taguwa ce, tozo ya kwanta gefe guda, kunnen hagu a tsage, haƙarƙari a waje. Garbai ya duba ya ga ita ce sak. Da ya waiwaya, ashe masu jiran mota sun taru suna leƙe.

"Wannan ake nema?" in ji wani direba. "Tsoho, ai ungulu sun riga ka."

Aka kwashe da dariya. Garbai ya gyara rawani.

"Ɗana, ka kwantar da tozon nan da yawa. Goge."

Fadilu ya goge, ya tayar da tozo.

"Kunnen ma."

"Kai ka ce a tsage yake, Baba."

"Ƴar tsaga ce, sai an matso ake gani. Goge."

Haka aka yi ta yi har azahar. Wuya ya ƙara tsawo, haƙarƙari ya ɓuya, gashi ya yi sheƙi.

"Baba, taka muke nema, ko wadda za ka saya in Allah ya hore?"

Garbai ya yi kamar bai ji ba. Fadilu ya ɗaga kafaɗa, ya fesa wa zanen wani ruwa mai warin fenti, ya ce daga yanzu launi ya kama, ba sauran gogewa.

Takarda kam ta yi abin da aka ce. Ta sha rana, ta sha zufa, shayi ya zube mata a Kelle, ba abin da ya same ta. Duk inda ya buɗe ta sai a ce masha Allah. Dillalai suka ce da sun ga irinta da ba su manta ba. Wani har ya tambaya ko tana da ƴa ta sayarwa. Garbai yana amsawa a hankali, irin amsar masu garke, ana zuba masa shayi. Kwana goma sha biyu, ba wanda ya gan ta.

A Bune ne wata mai fura, Biba, ta karɓi takardar ta juya ta sama da ƙasa.

"Irin wannan ba ta biyo nan ba. Wata dai tsohuwar taguwa mai tsagaggen kunne tana ɗaure gidan mai gari, sati biyu ke nan. Jibi za a miƙa ta ga hukuma, tunda ba mai ita."

Garbai ya bar furarsa rabi.

Mai gari Idirisa yana zaune a ƙofar gida da mutane kusan ashirin. Labari ya riga Garbai zuwa.

"Kai ne mai takardar roba? Kawo mu gani."

Ya duba, ya miƙa wa na kusa, ta zaga kowa.

"Malam Garbai, wannan ba ta zo nan ba. Allah ya bayyana maka ita."

"Ranka ya daɗe, a bar ni in ga wadda ke ciki."

"Ba a haka. Mai cigiya shi ke faɗin kamanni kafin ya gani. Naka ga su nan a takarda, kuma ba su ba ne."

Garbai ya lashi babban yatsa ya murza kunnen zanen. Ya sake murzawa. Kunne yana nan lafiya lau. Ya naɗe takardar ya sa a hammata.

"Kunnen hagu a tsage yake," ya ce.

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"A tsage yake! Tozo ya kwanta dama. Ramammiya ce."

"Saura."

"Tana ɗingishi da safe."

"Saura."

Garbai ya dubi ƙasa. "Tana cizo."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji mai gari, ya janye hannun riga ya nuna wa jama'a shatin haƙora. "A kwanto masa abinsa."

Aka fito da ita tana gurnani. Garbai ya kama akala, ya yi godiya, ya tambayi wani dattijo ko akwai hanyar fita gari wadda ba ta bi ta kasuwa ba. Aka ce babu.