Barcin Bokan Ba-Birki

Ba-Birki suke ce masa a tasha, kuma ba don motarsa ba ta da birki ba, shi ne ba shi da shi. Tun yana saurayi yake jan tirela, abin tinƙahonsa a duniya guda ɗaya ne: bai taɓa faka mota a gefen hanya don barci ba. Direban da ya tsaya ya runtsa, a wurinsa rago ne, gara ya koma sayar da tikiti.

To, mutumin da titi bai kayar ba, sai ga shi ya faɗo daga kan tsani a tsakar gidansa, yana gyaran kwanon rufin da ba wanda ya aike shi. Ƙashin cinya ya karye. Aka sa ƙarfe, aka ɗinke, aka ce ya je gida ya kwanta.

Matarsa tela ce, kekenta a falo yake, daidai ƙofar ɗakinsa. Da ta sa ƙafa a keke sai ta ji ƙwas, ƙwas, sandunan asibiti sun fito. Yau zai duba famfo, gobe zai ga ko an rufe ƙofar gida. Da suka koma asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashi a hasken taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo wurinta, don ya lura maganar da aka yi wa mijin ta kunne ɗaya take shiga ta fita ta ɗayan.

"Ƙashin nan bai kama ba, Mama. Yana taka shi. In ya dawo a haka sai mun sake buɗewa, kuma a shekarunsa ban yi miki alkawarin zai ƙara tafiya da ƙafarsa ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta dai hango kanta tana ɗaukar fo safe da yamma har ƙarshen ransa, shi kuma yana kwance yana gaya mata yadda ake riƙe shi daidai.

Ƙaninsa ne ya kawo shawara, wanda suke kira Injiniya saboda yana gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa. Ya zo da wata tsohuwar kwamfuta mai murfi, ya ɗora ta a kan kujera kusa da gado.

"Wasan yara ka kawo mini?" in ji Ba-Birki.

"Yaya, wasan nan ya girmi 'ya'yanka. Asalinsa ma a kan tebur ake yin sa, da ƙwayar lido da wani littafin dokoki mai kaurin bulo. Waɗanda suka sa shi a kwamfuta sun ɗauka kowa ya haddace littafin, sai ba su tsaya bayani ba. Bari in ɗan nuna maka..."

"Ni da na koyi tirela ba littafi? Nuna mini inda ake tayar da ita, ka koma shagonka."

Turancinsa na allon hanya ne, amma ya lallaɓa. Wasan ya ce ya haɗa ayarin matafiya. Ya ɗauki wani ƙato mai takobi, da wata mai magani, da wani tsohon boka mai gemu har cibiya. Da aka kawo masa ɓarawo ya ƙi, daga baya ya ce a bar shi, ai bai taɓa tafiya ba kwandasta ba, ya saba.

Bokan ya sa a gaba, don shi ne babba, kuma yaro ba ya wuce dattijo a hanya. Ba su bar bayan gari ba wani ɓera ya fito daga ciyawa ya ciji boka sau biyu, boka ya miƙe ƙafa.

"Ɓera!" Tela ta ji muryarsa daga falo. "Mutum da gemu haka, ɓera!"

Ya sake daga farko. Ya sayi sulke ya miƙa wa boka, boka ya ƙi sawa. Ya ba shi takobi, ya ƙi karɓa.

"Tsohon nan taurin kai gare shi, uwar yara. Ana nema masa lafiya yana ƙi."

"Allah sarki," in ji ta, tana cizge zare da haƙori. "Akwai irinsu."

Abu ɗaya bokan ya iya. In faɗa ya tashi sai ya ɗaga hannu ya watsa wuta, sau ɗaya tak, daga nan ya naɗe hannu ya zama ɗan kallo, ana yanka 'yan uwansa a gabansa. A ƙasan allon akwai wani maɓalli mai hoton ido a rufe. Ba-Birki ya san na hutu ne, shi ya sa bai taɓa kai yatsa wurin ba. Ba a je ko'ina ba, za a kwanta? Haka ya riƙa korar bayin Allah nan daga daji zuwa kogo, jini na zuba, har su mutu ya sake daga farko. Kuma duk mutuwa sai ransa ya ɓaci, ya ja sanduna ya hau zagaye ɗaki yana zagin boka. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Magani ya zama cuta.

Tela ta aika aka kira Injiniya. Ya leƙa allon, ya riƙe baki.

"Yaya, mutanen nan yaushe rabonsu da barci?"

"Barcin me? Hanya muke."

"Ai boka sai ya yi barci wutarsa take dawowa. Dokar littafin ke nan. Kamar tanki ne, ka ƙone mai, ba ka shiga gidan mai ba."

Maganar tanki ta shige shi. Ya matso da fuska, ya bi rubutun da yatsa.

"Awa takwas! Awa takwas za su yi suna sharar barci? To ni me zan yi kafin su tashi?"

Injiniya ya fashe da dariya. "A'a, Yaya, ai ba awa takwas irin na..."

"Ƙanin miji," in ji Tela daga bakin ƙofa, almakashi a hannu, "zo ka riƙe mini bakin yadin nan."

Ita ba ta san kan kwamfuta ba, ko kunna ta ba ta iya ba, amma ta san rabin magana idan ta ji. A falo ta tambaye shi ƙasa-ƙasa, ya ce awa takwas ɗin na cikin wasa ne, allo zai yi duhu, kafin ka ƙifta ido gari ya waye musu.

"Kai da wa kuka san haka?"

"A gidan nan? Ni kaɗai."

"To ya tsaya a cikinka. In ƙafar nan ba ta kama ba, rabon ɗaukar fo za mu yi, kai ne na safe."

Injiniya ya koma ɗaki da fuskar malamin makaranta. Ya ce da an danna maɓallin sai a rufe murfin nan take, kada haske ya tashe su. Ya ƙara da cewa wani lokaci dodanni kan far wa ayari suna barci, wannan kam gaskiya ce, ba ƙari.

"Au, ba mai gadi?" in ji Ba-Birki. "A faka kaya a daji, kowa ya kwanta? Wane sakarai ne ya tsara wannan tafiya?"

"Sai dai kai, Maigida," in ji Tela. "Kuma ka san ƙarar sandunan nan har maƙwabta suna ji, balle tsoho mai barcin zomo."

Ya danna, ya rufe da sauri, ya jawo kwamfutar gefen filo ya ɗora hannu a kai. Ya kwanta rigingine ido biyu yana kallon silin, yana gadi. Ranar har Tela ta gama riga guda ba ta ji ƙwas ba. Can da rana ta karkata sai ta ji wani sauti da ba ta taɓa ji da rana a gidan ba. Ta leƙa. Mai gadi ya buɗe baki yana jan minshari kamar tirela a kan tudu.

Da yamma ya duba agogo ya buɗe murfi. Ayari sun tashi garau, raunuka sun warke. Wasu ƙattai suka tare hanya, boka ya ɗaga hannu, suka zama toka.

"Uwar yara! Zo ki ga tsohon nan! Ashe mai ne ba shi da shi!"

Daga nan tsari ya zauna. Da safe faɗa ɗaya, a kwantar da boka, a yi gadi. Abinci a kan gado, don ba a barin bakin aiki. Abokan tasha in sun zo dubiya sai Tela ta tare su a ƙofa ta ce yana gadi, su koma suna tambayar juna ko faɗuwar ta taɓa kai.

Da suka koma asibiti likita ya ɗaga hoton a taga, ya yi murmushi, ya ce ƙashi ya kama, a fara takawa a hankali. Ya tambayi me aka canza. Tela ta ce wani boka ne ya taimaka. Likita ya ɗaure fuska ya yi mata nasiha a kan bokaye, ta ce ta gode.

Ya ajiye sanda ɗaya, daga baya ya ajiye ɗayar. Wata rana da hantsi ta kawo masa shayi, ƙofa a ɗan buɗe, sai ta tsaya. Yana zaune a bakin gado, ƙafafu biyu a ƙasa. Ya danna maɓallin hutun, bai taɓa murfi ba. Allo ya yi duhu, ya dawo, mutanen suka miƙe, ya ci gaba da faɗansa, ko gezau bai yi ba. Hannun da ya yi wannan ba yau ya fara ba.

Ta yi gyaran murya. Kafin ta turo ƙofar murfi ya rufu, mutum ya miƙe a gado, hannu a kan kwamfuta.

"Ajiye shi can, uwar yara. Kuma ki rage ƙarar keken nan, tsohon ya kwanta."

"Yau ma awa takwas ne?"

"Doka ce," in ji shi, ya juya wa taga baya.

Ta ja masa ƙofa, ta kwashe shayin ta shanye abinta a falo, sannan ta ɗauki ɗinkin hannu.