Rijiya Ɗaya a Tungar Da'u

A shekarun da mahara daga kudu suka ɗan lafa, gonakin bakin ganuwar Gaya suka yi wa mutane kaɗan. Sai wasu magidanta biyu, Da'u da Isyaku, suka nemi izini suka fita da iyalansu wajen Ajingi su sari daji. Taubasai ne, uwar Da'u ƙanwar uban Isyaku ce, don haka tun suna yara ba sa haɗuwa sai da tsiya. Isyaku bai taɓa kiran Da'u da sunansa ba, kullum sai “bawana”.

Kowa ya kafa bukkokinsa, ba nisa, in an yi kiran salla a nan ana ji a can. Ƙasar wurin rairayi ce, rijiya takan rufta ba sallama. Saboda haka suka yi alkawari a gaban Kawu Badaru, dattijon da ya biyo su, cewa rijiya biyu za a haƙa, kowacce da gayya, don in ɗaya ta lalace a sha ɗaya. Abin da ya rage shi ne ta wa za a fara. Kawu ya ɓoye kara biyu a hannu, dogo da gajere. Da'u ya zari dogo.

“Ka ga bawa da sa'a,” in ji Isyaku. “To mu je in haƙa maka, kada ka faɗa ciki a ce na yi asarar dukiya.”

Ya kuwa haƙa. Da aka gama kaka ya zo da mutanen gidansa kaf, shi ne a ƙasan rami da dagi, su suna jan kwandon ƙasa, mutanen Da'u suna jera itacen da zai riƙe gefe. Ruwa ya fito mai daɗi, mai yawa. A ranin nan kuma fatake masu kanwa suka bar tsohuwar hanyarsu saboda 'yan fashi, suka ɓullo ta bakin rijiyar. Fulani suka fara kawo shanu. Wani maƙeri mai suna Tukur ya kafa maƙera, masu fura suka biyo, 'yar kasuwa ta tashi. Aka fara cewa Tungar Da'u.

A duba da kyau. Kara Kawu ne ya riƙe, rami Isyaku ne ya shiga, hanya 'yan fashi ne suka karkato da ita. Babu ko ɗaya da Da'u ya yi da wayonsa. Amma mutum in abu ya zo masa a sauƙaƙe, ba ya daɗewa sai ya fara neman dalilin a jikinsa.

Da kaka ta zagayo Isyaku ya zo, ya tarar da Da'u a rumfa yana karɓar gaisuwar fatake.

“Bawana, an gama girbi. Yaushe za ka kwaso mutanenka?”

Da'u ya dubi baƙinsa, ya ji nauyin a gan shi da laka a gwiwa. Ya yi dariya ya ce, “Wace rijiya kuma? Kai da ko kara ka ja sai gajere? In ka haƙa, ƙadangaru za ka tarar suna jiranka. Zuliha ta riƙa zuwa nan tana ɗiba, ba zan hana matar ubangidana ruwa ba.”

Rumfa ta kwashe da dariya. Isyaku ma ya yi, don ba a san taubashi da fushi ba, duk abin da aka gaya masa wasa ne. Da'u ya san haka sarai, shi ya sa ya bi ta nan. Da ya fito fili ya ce ba zai zo ba, da Kawu Badaru ya tsawata masa. Amma wa zai kai ƙarar wasa? Isyaku ya sake dawowa, aka sake yi masa ba'a, ya sake dariya. Daga nan bai ƙara tambaya ba.

Ya fara haƙa shi kaɗai, matarsa Zuliha tana jan kwando. Ba hannun da zai jera itace yadda ya kamata. Wata rana da hantsi gefe ya zubo masa, aka ciro shi da karyayyen ƙugu. Da ya ɗan warware, dangin Zuliha suka ɗauke su zuwa Gafasa. Da'u ya aika da damin gero da ɗan gishiri, ya ce wa mutanen rumfa, “Na faɗa masa. Aiki sai da dabara.”

Matarsa Hure ce kaɗai ta tanka. Ta ce, “Malam, mutumin nan fa a ƙasan taka rijiyar ya yini.” Ya ce mata ta kula da tukunyarta.

Shekaru suka tafi. Aka naɗa wa Da'u rawanin mai gari. Maroƙa suna cewa shi ne mai jin ƙanshin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, shi kuma yana gyaɗa kai, har ya manta da kara. Gari ya cika, guga ba ya hutawa. Ba wanda ya kawo zancen rijiya ta biyu, tunda ta farko tana bayarwa, kuma Kawu Badaru ya riga mu gidan gaskiya.

Sai aka yi shekarar da damina ta gajarta. Ruwa ya ja baya, itacen gefe da ya daɗe yana ruɓewa ya saki. Mata suna tsaye da tuluna da safe suka ji rugugi, rijiya ta haɗiye kanta. Ruwa mafi kusa sai an yi tafiyar da jaki ke gajiya. In ba a buɗe rijiyar nan da wuri ba, gari ya tashi, kowa ya san wannan.

Da'u ya sa aka yi shelar gayya. Hure ta tuƙa tuwo masaki-masaki, aka yanka akuya. Mutanen da suka zo ba su isa jan igiya ba, balle shiga rami. Ya tafi maƙera da kansa, ya tarar Tukur yana ɗaure zugazugai.

“Haba Tukur, kai ma?”

“Ranka ya daɗe, mu ruwa muka biyo. Tun da na zo garin nan ban ga an yi wa kowa gayya ba. Wa zai shiga ramin da ya rufta don wanda bai taɓa riƙe masa igiya ba?”

Washegari Da'u ya hau jaki ya nufi Gafasa, don ya ji Isyaku yana da 'ya'ya maza da surukai, majiya ƙarfi. Ya same shi a inuwar ɗorawa yana tufka igiya, sanda a gefe, ƙafa ɗaya a miƙe. Da'u ya tattaro murya irin ta da.

“Kai gurgu, ba ka tashi ka tari bawanka?”

Isyaku ya ɗago, ya ajiye igiya, ya sunkuyar da kai. “Sannu da zuwa, Mai gari. Ranka ya daɗe. Zuliha, kawo wa Mai gari ruwa.”

Da zagi ne da ya fi sauƙi. Da'u ya karɓi ƙwarya ya sha, ya faɗi abin da ya kawo shi. Isyaku ya saurara har ƙarshe.

“Allah ya kyauta. Yaran suna rijiyar Ya'u maƙwabcinmu, daga nan sai ta surukinsa. Su suka zo tamu bara. Ba zan cire su daga layi ba, ranka ya daɗe, ka san yadda abin yake.”

“Isyaku, ni ne fa. Ko sau ɗaya ka kira ni yadda ka saba.”

“Ai girma ya zo, Mai gari. Wasa na yara ne.” Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

A hanyar komawa Da'u ya ratsa ta tsohon wurin Isyaku. Ramin yana nan, ya cike da rairayi, geza ta fito a bakinsa. Ya sauka ya tsaya yana kallo. Aikin rani ɗaya ne, da mutanen da yake da su a lokacin. Daga inda yake tsaye yana hango jakuna ɗauke da tabarmi da tukwane suna fita daga tungarsa, wasu sun nufi Gaya, wasu Balan. Na gaba Tukur ne, da uwar maƙera a kan jaki. Da'u ya ɗaga masa hannu. Ko bai gani ba ne, ko ya gani, Allah ne ya sani.