Bip daga Bader Goula

Su uku aka sallamo tare daga gidan likita a Maradi: Sallau na Dakoro, Halidu na Sabon Maci, da Cindo na Bader Goula. Babu wanda ya warke. Lokotoro dai ya ce sun ji sauƙi, gadajen kuma akwai masu jira. Kowa ya fito da ledar magani, da tansiyonsa na hawan jini, da ciwon sugansa. Sallau har da na ƙoda, don shi bai iya yin abu rabi da rabi ba.

A tasha Cindo ya kawo shawara.

"Kullum bayan sallar asuba mu yi ma juna bip. Kada wanda ya ɗauka. Salula ta yi kuka ta yi shiru, ka san ɗan'uwa na nan."

"In ba ta yi ba fa?" in ji Halidu.

"Sai ka yi mini addu'a, mai ƙaton ciki, ka bar cin kilishi a ɓoye."

Makon farko a Dakoro tabarmi suka yi kaɗan, don masu zuwa barka da arziki. Daga nan gari ya yanke cewa Sallau ya warke, tunda ga shi an sallamo shi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yan na can wajen nema. Sai ya zamana duk duniya mutum biyu ne ke tambayar ko ya kwana, su ma ba da baki ba.

Bip ɗin Halidu ya tsaya da farkon damina. Sallau ya yi addu'a, ya ƙara matso da salula kusa da buzun salla.

Na Cindo bai taɓa fashi ba. Wata safiya bayan an yanke gero, yatsan Sallau da ya kumbura ya zame, ya danna wajen ɗauka.

"To, tsohon banza, yau na karya doka. Ya ƙafa?"

Sai muryar mace ta yi sallama.

"Ladidi ce, Malam, mai ɗakinshi."

"Ina shi?"

"Ya riga mu tun gero bai fid da kai ba."

Sallau ya dubi garu, ya yi salati a hankali.

"Shi ya bar mini sallahu," ta ce. "Wai kada ka san kai kaɗai ka rage. Wai ba ka da ƙarfin zuciya."

"Haka ya ce?"

"Ya faɗi wanda ya fi wannan," in ji ta. "Ni ma in naka ya shigo, gidan yakan yi kamar da mutum."

Washegari ya idar da salla, ya daɗe riƙe da salular. Ya nemo sunan Cindo ya danna, ya kashe, ya aje ta a kan buzu yana kallo.

Ta yi kuka, ta yi shiru. Ya janye yatsansa can nesa da ita.